Yadda Za Ka Ƙera Dodo Mai Rikiɗa Ba Tare da Abokanka Sun Daina Gaishe Ka Ba

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Tatsuniya ce da ake yi wa taron dangi. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya riƙe jarumi guda: wannan mayaƙi, wannan boka, wancan ɓarawo. Sai mutum ɗaya ya zama uban wasa. Shi ne mai ba da labari, shi ne sarkin garin, shi ne 'yar tallar da aka tarar a bakin hanya, shi ne kuma duk dodon da zai fito. In aka yi musu kan ko sara ya samu ko bai samu ba, sai a jefa dayis irin na ludo, amma mai fuska 20, abin da ya nuna shi ne hukunci. Ba a zuba kuɗi. In Baba ya leƙo ya ga dayis, ka yi saurin faɗa masa haka kafin ya koma ɗauko dorina.

Tun 1977 masu wasan suke da littafi guda na dodanni zalla, Monster Manual. Duk da haka, kowane uban wasa akwai ranar da zai ji dodon kanti ya yi masa kaɗan, sai ya ƙera nasa da hannunsa. In wannan rana ta zo maka, kuma zuciyarka ta raya maka mai rikiɗa, to ga shawarwari kyauta. Ka bi ko kada ka bi, teburinka ne.

Na farko: leƙa abin da magabata suka yi

Akwai wanda ake kira Mimic, yana cikin littafin 1977. Sana'arsa ɗaya ce: ya zama akwatin dukiya, ya lafe a kusurwa yana jiran mai kwaɗayi. Kana kai hannu sai hannun ya manne, murfi ya buɗe, ka ga haƙora inda ka sa ran ganin zinariya. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai jure kafin ya mutu, 58 ne, kuma sai jifanka haɗe da ƙarfinka ya kai 13 kafin ka ɓamɓare hannunka.

Akwai Doppelganger, wanda ya riga shi fitowa, tun 1975. A bugun 2014, shi wannan yana komawa siffar mutumin da ya taɓa gani, kuma yana jin abin da kake rayawa a zuci daga tazarar ƙafa 60. Sannan akwai mutumin da ke zama kerkeci, wanda a dokar 2014 makami ba ya cin sa sai na azurfa ko mai sihiri. Wato Turawa ma suna da nasu mai maganin ƙarfe.

Abin lura a nan shi ne, makin ran Doppelganger 52 ne kacal. Akwati ya fi shi jure duka. Amma shi ne yake sa 'yan wasa su daina yarda da junansu har wata guda. Ƙarfin mai rikiɗa ba a damtsensa yake ba, yana cikin zargin da yake shukawa a tebur.

Na biyu: tambaye shi me ya fito nema

Dodon da yake rikiɗa don kawai ya iya, ɓata wa mutane lokaci yake yi. Sai ka ba shi buƙata, irin wadda ba za ta biya ba in ya zo da fuskarsa ta gaskiya. A nan ba sai ka nemi taimakon Amurka ba, kakarka ta riga ta koya maka. Ka tuna ɓaunar da ta zama kyakkyawar budurwa ta auri maharbi, don ta ji asirin da yake kuɓuce wa namun daji da shi. Ka tuna yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har wani ya zo sumul ba ko ƙwarzane, aka ɗaura aure, a hanyar gida ya riƙa mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya. Duk su biyun sun san abin da ya kawo su.

Bari mu ƙera namu a gabanka. Sunansa Ɗan Aro. Ba shi da fuska, kuma ba nama yake nema ba, girma yake so: a durƙusa a gaishe shi, a fara miƙa masa ƙwarya, a ce “ranka ya daɗe”. Ba ya iya ɗaukar siffar kowa sai wanda ya ara masa wani abu da yardarsa, ko allura ce, ko hula, ko guga. Muddin kayan na jikinsa, fuskar mai kayan tasa ce, shi kuwa mai kayan barci ya kwashe shi a wani lungu har sai an dawo masa da abinsa. Ka ga tun kafin a zare takobi ka sami gari guda da ba a ba maƙwabci aron ko garwashin wuta, kuma jarumai za su so jin dalili.

Na uku: bar masa abin da ba ya sauyawa

Nan ne yawancin sababbin iyayen wasa suke kifewa. Sai su ƙera dodon da babu ta inda za a gane shi, su zauna suna murmushi, su ɗauka sun yi wayo. Ba wayo ba ne, zalunci ne. In ba a iya gano shi, ba wasa ake yi ba, kai kaɗai kake cin tuwonka ana kallo.

Masu hikimar duniya duk sun bar ƙofa. A labaran da muka taso muna ji, baƙon da ya shigo kasuwa da siffar mutum, ƙafa ake duba masa, ko kofato ne. A tatsuniyoyin Japan, dilar da ta zama mace wutsiyarta ce ke tona ta. A fim ɗin The Thing na John Carpenter, na 1982, an ɗebi jinin kowa a faranti aka tsoma masa waya mai zafi, jinin dodon ya yi tsalle don shi ma ransa yake so.

Namu ya zo da sauƙi, domin kayan aro ba ya rufe katara. Ba shi alamu uku. Ɗaya, kayan da ya ara dole su kasance a jikinsa, saboda haka za a ga mahauci da allura soke a wuyan riga, ko liman rataye da guga. Biyu, jakuna ba sa yarda su dube shi, duk inda ya gifta sai su juya masa baya. Uku, hali zanen dutse: ko sarki ya zama, ba ya iya gama magana bai ce a ara masa wani abu ba.

Me ya sa uku? Wani marubucin wasanni, Justin Alexander, ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a 2008: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye masa alamu aƙalla uku. Wanda ya taɓa zama uban wasa ya san dalili. Ta farko za ta wuce suna gardamar wa ya cinye gyaɗar. Ta biyu za su gan ta, su kama wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Ta uku ce, in an yi sa'a, za ta shiga.

Na huɗu: yi lissafi, amma ka riƙe hannunka

Za ka ji kwaɗayin ba shi fukafukai, da aman wuta, da makin rai 300. Yi ta'awizi ka ajiye biro. Mai makin rai 300 me zai sa shi ɓuya? Sai ya shigo ta ƙofar gari da rana tsaka ya nemi sarki. Rikiɗa sana'ar mai rauni ce.

In jarumanka huɗu ne kuma suna mataki na 3, wannan ya ishe ka: lambar sulke 13 (abin da jifa zai kai kafin sara ya same shi), makin rai 60, duka biyu a kowane zagaye, ƙarin 5 a kan jifan kai hari, kowane duka kuma dayis mai fuska 6 da ƙarin 3. In duka biyun suka samu, ɓarnarsa a tsakaice 13 ce cikin zagaye guda, wato daƙiƙa shida a lokacin labari. Zai ji wa mutum ciwo, ba zai share tebur ba.

Kuma lissafi ɗaya za ka yi masa a kowace siffa. Haka littafin ya yi wa Doppelganger, kuma da dalili. Wanda ya rubuta wa kowace fuska takardarta, tsakiyar faɗa za a same shi yana bincike cikin takardu, jarumai sun koma latsa waya.

Daɗin faɗan ka sa shi a kayan aron. Ba shi guda uku, wato fuska uku. Duk jarumin da ya fizge ɗaya, fuska ɗaya ta tafi, wani mai barci kuma ya farka a can cikin gari. 'Yan wasa suna iya ƙirgawa da yatsu, su san saura nawa. In ta ƙarshe ta fita sai a ga ainihinsa. Shi ma ka tanade shi tun da wuri, kada a zo wurin ka ce “wani abu ne dai baƙi”.

Na biyar: kada ka damƙa asirinka a hannun dayis

Ka ce sai an kai 15 kafin a gane ƙaryarsa, jarumi kuma yana da ƙarin 3. Yana buƙatar 12 zuwa sama, fuska 9 cikin 20, wato kashi 45 cikin ɗari. Ba laifi. To amma in ka bar su huɗun duka suka jefa, damar a ce duk sun faɗi ba ta kai kashi 10 ba. Sau tara cikin goma an tona shi tun a gaisuwa. Saboda haka in jifa ya yi kyau, kada ka ce “dodo ne”. Ka ce: “Ka lura jakin mai itace ya juya masa baya.” Alama za ka bayar, hukunci nasu ne.

Ka kuma san cewa dokokin wasan sun ba su makami. Akwai sihirin hasken wata, Moonbeam, wanda bokan daji ke iya samu tun a mataki na 3. In ya sauka kan mai rikiɗa kuma ya kasa jifan tsira, nan take ya koma siffarsa. Ranar da aka yi maka haka, shirin da ka daɗe kana ƙullawa ya warware cikin daƙiƙa shida, kada ka ce “ai nawa ba ya jin wannan”. Haɗiye abinka ka tafa musu.

Na shida: jarumin mutum amanarsa ce

Wata rana Shaiɗan zai raɗa maka cewa ka sanar a ƙarshe wai jarumin wane tun makon jiya dodo ne. Kada ka yi ba da sanin mai shi ba, sai dai in ka gaji da zumuncin. Ja shi gefe ku ƙulla, shi zai riƙa neman aron da bakinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Za ka sha mamakin yadda salihin cikinku zai karɓi aikin hannu bibbiyu.

Na bakwai: ranar tonon asiri, kame bakinka

Ga yadda abin ke zuwa in ka yi aikinka. Jarumai sun isa gaban Sarkin Kasuwa, ka gyara murya ka ce: “Samari, sannunku da hanya. Wa zai ara mini wuƙa in yanke zaren nan?”

Mai riƙe da ɓarawo ya riga ya kai hannu ƙugu, sai mai riƙe da boka ta dafe takardarsa. “Dakata, Yaya. Jiya mai masaukinmu ma wuƙa ya nema.”

“Kuma tsohuwar bakin rijiya ta ce a ara mata guga,” in ji na uku, “alhali ga guga a hannunta.”

Sai duk su juyo su zuba maka ido. Mayaƙin ya ce a hankali: “Ranka ya daɗe, wannan hular taka, wa ya ɗinka ta?”

A nan kada ka yi dariya, kada ka gyaɗa kai, kada ka ce “kun gano ni”. Ɗauki kofi ka kurɓi ruwa. Su suka kamo shi da hankalinsu, bar su su ji daɗin abinsu. Don wannan minti ɗaya ka yi duk wahalar.

Na takwas: ka shirya biyan diyya

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga ranar, jarumanka za su soki kowace kujera kafin su zauna, su titsiye kowace tsohuwa da tambaya, tafiyar da ake yi cikin minti goma ta cinye dare guda. Maganinsa shi ne ka jingine rikiɗa tsawon watanni. Ka sa musu akuya a tsakiyar hanya tana kallon su, su kewaye ta, su yi mata sihiri, su yi shawara awa guda, a ƙarshe ta tabbata akuya ce kawai. In ka sake fito da mai rikiɗa a mako na gaba, ba za su ƙara yarda da kowa a labarinka ba, labarin da ba a yarda da kowa a cikinsa kuwa ba ya tafiya.

In an tashi wasa kuma ka ga wayarka ta mutu, ka daure har ka isa gida. Wannan daren ba na neman aron caja ba ne.