Hukunce-hukuncen Sayen Tsohuwar Amfilifayar Jita

Ka sani, ya kai mai neman tsohuwar amfilifayar koyon jita da ɗan abin da ke aljihunka, cewa malaman wannan fanni sun yi ijma'i a kan sharaɗi guda, wato kada ka nemi wadda wani mashahuri ya riga ya yaba. Ga Fender Champ, wadda ƙarfinta kusan wat 5 ne kawai, don 'yan koyo aka fara ƙera ta a Amurka a 1948, amma tun da labari ya bazu cewa da ita Eric Clapton ya ɗauki faifan Layla a 1970, sai ta fi ƙarfin talaka. Haka Peavey Decade ta yi shekara da shekaru tana shan ƙura a shagunan jingina, ba mai tayawa, har 2021 da Josh Homme ya bayyana cewa ita ce sirrin sautinsa, kafin gari ya waye dillalai sun tsawwala.

Saboda haka, idan rabo ya haɗa ka da wata marar asali, mai yagaggen ƙyalle a fuska, mustahabbi ne ka ɗaure fuska, ka murɗa maɓallinta, in ta yi ƙarar-ƙarar ka girgiza kai kamar mai ta'aziyya, alhali kuwa ka san ƙura ce kawai wadda feshi ɗaya zai kora. Sa'an nan ka taya da rabi, in an ce albarka ka juya, amma sannu sannu, don a sami damar kiranka.

Farilla kuwa ita ce kai ta wurin mai gyara kafin ka jona, domin da yawansu filoginsu mai ƙafa biyu ne, babu wayar ƙasa, kafasitarsu kuma na riƙe wutar da ke iya kisa ko bayan an zare. Wadda aka yi wa wutar Amurka mai bolt 120, in ta ɗanɗana tamu mai 230 ba taransfoma, hayaƙi kaɗai za ta rera.

Wajen kiɗa, ka ƙure muryarta har 'yar lasifikar ta dusashe ta soma gurnani, domin wannan aibin ne attajirai ke saye da tsada. Sai dai maƙwabci na da haƙƙi, don haka bayan lisha makaruhi ne, sai in ka tabbata ya yi tafiya.