Ɗabaƙoƙin Masu Girki da Littafin Waya

Kwaɗayin ɗan Adam ga abincin da ba a tukunyarsa aka dafa ba tsohon al'amari ne, har ma malamai sun riga mu rubuta shi, domin tun a ƙarni na 10, zamanin da Bagadaza ke cibiyar ilimi, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara girke-girke fiye da 600 na gidajen halifofin Abbasiyawa da manyan fadawansu a cikin littafi guda. A shekarar 1993 kuma wani Ba'amurke, Todd Wilbur, ya fitar da littafinsa mai suna Top Secret Recipes, inda ya yi ta ɗanɗana abincin manyan kamfanoni yana gwaji a madafinsa har ya kwaikwayo su, ya kuma sayar wa jama'a sakamakon. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne, littafin ya bar takarda ya koma cikin waya, ta yadda uwargida a Kano ko Zariya ko Maraɗi za ta tura kuɗi da hantsi, kafin azahar an aiko mata da fayil mai alkawarin cewa daga yau shawarma da fiza da soyayyiyar shinkafa irin ta gidan abinci sun zama abin da za ta riƙa yi da hannun hagu. Na daɗe ina lura da ma'abota waɗannan littattafai, na kuwa ga sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa, kowace da mazhabarta.

Ta farko ita ce muƙallida, wadda ta ɗauki matanin littafi a matsayin nassin da ba ya karɓar tawili. Wannan baiwar Allah, wadda tun tana 'yar shekara goma take tuƙa tuwon gidan mutum ashirin ba ta taɓa auna gishiri da wani abu ba sai yatsu uku, ita ce yau za ka tarar ta tsaya cak a tsakiyar madafi, waya a hannun dama, ludayi a hagu, ta rasa yadda za ta yi, saboda littafi ya ce rabin ƙaramin cokali, alhali cokulan gidan duk manya ne. Idan littafi ya ambaci wani ganye na ƙasar Italiya, to, ranar nan direba ko ƙanin miji ya shiga uku, don sai ya zaga 'Yankaba da Kasuwar Rimi da Sabon Gari yana nuna wa masu kayan miya hoto a waya, su kuwa suna miƙo masa lansir da na'ana'a suna cewa ai duk ɗaya ne. Babbar musibarta tana wajen awo da wuta. Kofin da Amurkawa ke nufi yana cin kusan mililita 240, gwangwanin madarar da muka saba awo da shi kuwa bai kai haka ba, saboda haka kwaɓin yakan fito ko dai ruwa tsululu ko kuwa abin jifan kare. Sa'an nan littafi ya ce a gasa a zafin 350, bai bayyana cewa da ma'aunin Amurka yake magana ba, wanda a ma'aunin da ke jikin obin ɗinta bai wuce kusan 180 ba. Ita kuwa da ta duba ta ga lambobinta sun ƙare a 250, sai ta murɗa har ƙarshe, ta ƙara da addu'a Allah Ya cika sauran. Bayan rabin sa'a maƙwabta sukan aiko yaro ya tambaya ko lafiya.

Kishiyarta a mazhaba, wani lokaci ma kishiyarta a gida, ita ce mai ƙiyasi, wadda ta buɗe wa kanta ƙofar ijtihadi ba tare da ta nemi ijazar kowa ba. Ita ba ta aiken kowa kasuwa. A wurinta duk abin da babu shi yana da na'ibi, muddin sun yi tarayya a launi ko a siffa: idan babu cukun mozarela, awara ma fara ce, idan babu naman da aka ambata, ga ragowar kilishin da Alhaji ya zo da shi, idan kwaɓin fulawa zai ɗauki lokaci kafin yis ya tashi, ga gurasa an gama gasawa a bakin layi, idan babu obin, ga tukunya da yashi da kurfoti. Haka za ta bi sharuɗɗan fiza ɗaya bayan ɗaya tana sauke su da hujjar larura, har ya zamana babu abin da ya saura daga asalin sai yankan da ake yi mata kusurwa-kusurwa. Mutanen Napoli, inda abin ya samo asali, suna gasa tasu a tandar itace mai zafin da ya haura 400 a ma'aunin obin ɗinmu, cikin kamar minti ɗaya da rabi, kuma da za a kai musu wannan da sun yi shiru na ɗan lokaci. Amma gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta: abin da mai ƙiyasi ke fitarwa sau da yawa yana da daɗi, yara sukan suɗe faranti, don a haƙiƙa gurasa ce da yaji da nama, abin da Kanawa suka san daɗinsa tun kaka da kakanni. Laifinta kaɗai shi ne nacewa a kan suna, har takan yi fushi da wanda ya ce, "Yaya, a ƙaro mini bandashen nan."

Akwai kuma mai tarawa, wadda ta mallaki littattafan girki na Sin da Hindu da Labanan da Turkiyya har wayarta ta daina karɓar hoton suna da biki, kowanne ta ce sai azumi ya zo. Azumi yakan zo ya wuce da kunu da ƙosai. Ba ta cutar da kowa, kuma maigidanta ya fi kowa zaman lafiya.

Kada mai karatu ya zaci mas'alar ta mata ce kaɗai, domin mafi hatsarin ɗabaƙoƙin nan namiji ne, wato maigida mai lissafi. Shi wannan, ranar da ya kai iyali gidan abinci aka miƙo masa takardar kuɗi, sai ya zaro biro a cikin mota ya fara hisabi, ya raba kaza gida-gida, ya ƙiyasta kabeji da mayonis, ya tabbatar wa kansa cewa zalunci ake yi wa bayin Allah, kuma da kuɗin shawarma uku za a iya ciyar da gidan nan kaf har da masu gadi. Washegari shi da kansa zai sayi littafin ya tura wa uwargida, ya biyo baya da injin gasa burodi, da bilenda, da wuƙa ta musamman, da kwalabe bakwai na kayan ƙamshi waɗanda za a ɗebi rabin cokali daga kowace a bar sauran su daskare, da man janareta saboda wuta ba ta da alkawari. Abin da lissafinsa bai hango ba shi ne, shawarmar da mutanen Sham da Labanan suka yaɗa a duniya, ta iso mu ma, rukuninta na farko ƙarfen nan ne mai juyawa a tsaye, wanda ake jera yankakken nama a jikinsa hawa-hawa, wuta na lasarsa daga gefe sa'o'i da dama, kitsen sama na narkewa yana ratsa na ƙasa, mai sana'a kuma yana yanke abin da ya gasu kaɗai ya bar sauran ya ci gaba. Kaskon suya ba ya yin wannan aiki ko da littafi ya rantse. Idan aka gama aka ajiye masa, zai gutsura, ya tauna a hankali, ya dubi silin, sa'an nan ya ce, "Ai kin ga wannan ta fi tasu tsabta." Uwargida, wadda ta yini a tsaye, takan ce, "Haka ne, Alhaji, sai dai ban ji ka yi lissafin wannan ba." Biron nan ba ya sake fitowa.

Kusa da shi akwai mai neman sirri, wanda ya yi imani cewa tsakaninsa da ɗanɗanon gidan abinci babu komai sai sinadari guda da aka ɓoye masa da gangan. Ya ji labarin kayan ƙamshi 11 da Kanal Sanders na Kentucky ya haɗa, waɗanda kamfanin KFC ke ɓoyewa har yau, saboda haka ya sayi littafi huɗu kowanne na iƙirarin shi ne ya tono asirin, kuma babu biyu da suka yi ittifaƙi. Bai tsaya ya lura ba cewa su a tukunyar matsi suke soya kazarsu, cikin man da ya ishe gidansa wata guda. Irin wannan mutum ne ke zuwa wurin mai tsire bayan isha'i, ya sayi na ɗan kaɗan, ya tsaya yana jan hira, yana tambaya a fakaice me da me ake zubawa a yajin. Mai tsire kuwa ba ya ɓoye komai: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, masoro, kanumfari, gishiri, ɗunƙule. "Shi ke nan, Malam?" "Shi ke nan, ranka ya daɗe." Sai ya koma gida da yaƙinin an rufe shi, alhali an gaya masa gaskiya tsantsa, abin da ba a iya ba shi a takarda shi ne yankan naman nan siriri, da sanin lokacin da garwashi ya kwanta, da hannun da ya fara juya tsinke tun mai shi yana yaron shago. Sirrin yana tsaye a gabansa cikin hayaƙi, yana ba shi canji.

Mai hoto ba ta buƙatar dogon sharhi. Ita niyyarta tun farko ba ci ba ce, don haka takan zaɓi girki saboda launinsa, ta jera shi a farantin da ba a taɓa ba baƙo ba, ta kai shi bakin taga, ta hau kujera, yara na tsaye da cokula suna haɗiyar yawu, ba wanda ya isa ya taɓa sai an sami haske. Kafin a yi izini shinkafa ta huce, mai ya kwanta, amma ƙawaye a WhatsApp sun riga sun shaida cewa hannunta dabam ne.

Su kansu mawallafan sai an yi musu adalci, don a cikinsu akwai masu amana, mata da suka yi shekaru suna abincin biki da na sayarwa, suka gwada abu sau da yawa kafin su rubuta, suka kuma mayar da awon zuwa gwangwani da mudu da ludayin da muka sani, har su gaya maka yadda za ka yi idan gawayi gare ka. Littafin irin waɗannan ya cancanci kuɗinsa, kuma ana gane shi da alama guda: yana faɗin inda abin ke lalacewa. Amma akwai wasu da isnadinsu ba ya kai wa ga kowace tukunya, wance ta ruwaito daga wance, ita kuma ta kwafo daga wani bidiyon YouTube, shi kuma daga wani littafin Turanci da aka juya da na'ura, har ka tarar an ce a zuba giyar inabi a miya ba wanda ya lura, ko a ce a bar kwaɓi a zafin ɗaki, ba a tantance ɗakin Landan ake nufi ko na Sakkwato a watan Afrilu ba. Hoton bangon kuwa na gidan abincin ne da kansa.

Daga ƙarshe sai majalisar alƙalai, waɗanda ba su sayi littafi ba, ba su hura wuta ba, amma hukunci na hannunsu. Shugabarsu Hajiya ce, uwar maigida, wadda za a kai wa nata a rufe da ladabi, ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko an gama dafawa ne ko kuwa yanzu za a ɗora, ta ɗanɗana da kan yatsa, ta sa albarka, sa'an nan ta ce wa jikarta a asirce ta duba mata ko akwai sauran tuwon jiya a ɗumama. Yara ba su san siyasa ba, sukan faɗi ra'ayinsu da abin da suka bari a faranti. Maigida yana da kalma biyu, "ba laifi", waɗanda ke ɗaukar ma'ana tun daga yabo har zuwa ta'aziyya. Mafi zurfin sani a cikinsu duka, a ganina, shi ne almajirin layin, wanda daga abin da ya sauka a ƙoƙonsa da daddare yake gane gidan da aka sayi sabon littafi, har ya san ranar da aka kai babin abincin Sinawa, ya kuma sanar da 'yan uwansa su bi ta wani layin.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan aka gayyace ka walimar shawarmar gida, ka amsa, don amsa gayyata haƙƙi ne. Ka yaba tun kafin ka kai baki, kada ka tambayi sunan abin da aka ajiye maka, ka jira a gaya maka. Kuma ka bar ɗan canji a aljihu, mai tsiren bakin titi ba ya tashi sai sha ɗayan dare.