Rigar Dina Mai Buɗaɗɗen Baya da Matsalar Durƙuso

Riga mai buɗaɗɗen baya, wato wadda aka zurfafa wuyanta ta baya har ya gangaro kusa da ƙugu, an tsara ta ne domin amaryar da za ta wuni a tsaye irin ta bikin Turawa, kuma kafaɗu da ƙugu kaɗai ke riƙe da ita, tunda babu yadi a tsakani. Wannan bayani bai iso wa wata amarya a Kano ba sai a daren dinarta, bayan ta ga samfurin a Instagram, ta yanko leshi a Kantin Kwari, tela kuma ya rantse cewa net, wani siririn yadi da ake cewa launin fata gare shi, zai rufe wurin. Fatar da masaƙan suka auna ba irin tata ba ce, saboda haka aka cire net, aka dogara da mayafi.

Mayafi ya riƙe amana har lokacin da mai gabatarwa ya kira amarya ta gaida uwar miji. Gaisuwar suruka ba ta cika sai da durƙuso, durƙuso yana tafe da sunkuyo, sunkuyo kuwa, bisa ƙa'idar da babu telan da ya isa ya soke ta, yakan zamo da mayafi gaba. Haka ya sulale ta kan goggoro ya sauka a cinyar Hajiya uwar mijin, bayan amarya ya fuskanci dangin ango baki ɗaya, mai ɗaukar bidiyo kuma, wanda aka biya domin kada komai ya wuce shi, ya haska wurin a babban allo, har da tabon ƙahon da wanzami ya yi mata tun tana firamare. Hajiya, wadda ita kaɗai ce a zauren ba ta ganin abin da ake gani, ta riƙe hannayen amarya biyu ta shiga addu'a, ta roƙi zaman lafiya, ta roƙi zuri'a ɗayyiba, ta gangara kan iyaye da kakanni, jama'a suna amsawa da amin idonsu a kan allo, amarya tana jin sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana bin ƙashin bayanta gaɓa-gaɓa.

A nan ne gwaggonta ta matso da shawara, cikin raɗar da ta faɗa kai tsaye a makirufo: "Kada ki motsa, 'yar nan, in ba ki motsa ba za su ɗauka yadi ne." Da ta ga hakan bai wadatar ba, sai ta ƙara da cewa idan an shafa, amarya ta koma mazauninta da baya-baya, dabarar da za ta ɓoye bayan ga Hajiya kaɗai, ta kai shi ga sauran jama'a tebur-tebur. Daga bisani ta bayyana wa teburin kusa cewa laifin mai lalle ne, da ta zana fulawa a wurin da yanzu ana tambayar sunan leshin.