Masana zafin Mahuta

Duk wanda ya ce zai haɗa jirgin sama a tsakar gidansa a Mahuta ba zai rasa 'yan kallo ba, kuma ɗan kallon Kaduna ba ya zuwa da bakinsa a rufe. Maƙwabcina mai walda ya daɗe yana jigilar alminiyon daga Panteka yana harhaɗa ɗan jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya. Ranar da aka ɗaura inji da farfela, kowa tsit ya yi, don an san ba wasan yara ba ne. Amma da aka zo kan sansar auna zafin iska, 'yar abar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, sai unguwa ta cika da injiniyoyi. Dalili a fili yake: mutumin da ya sha ranar watan Maris a gefen matatar mai ba ya yarda wani ya fi shi sanin zafi.

Bakanike ne ya fara. A wurinsa komai mota ne, jirgi ma mota ce da ta yi fiffike. "Oga, manna ta kusa da lagireto, a nan zafi yake." Aka ce masa zafin iskar waje ake nema, ba na inji ba, don iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin takawa. Kaduna tana kusan ƙafa 2,000 sama da teku, amma idan zafi ya kai digiri 38, jirgi ji yake kamar daga ƙafa 5,000 da 'yan kai yake tashi. Bakanike ya gyaɗa kai, ya goge hannu da tsumma, ya ce to a sa ta kusa da salansa.

Akwai mai waya, wanda bai taɓa kallon jirgin da idonsa ba, sai ta gilashin wayarsa, kuma kullum fuskarsa ce ta cinye rabin hoton. Akwai ɗalibin YouTube, mai kawo hujja daga wani Bature da ke fama da ƙanƙara a Kanada. Akwai mai tarihin Mubarak Abdullahi, matashin Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, wanda ko me aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: ai shi Mubarak ƙafa bakwai ya tashi. Sai Mama mai ƙosai ta ƙofar gida, wadda ba ruwanta da sansa, ita dai a gaya mata ranar tashi ta kwashe yara.

Amma gwanina shi ne Baba tsohon soja. Da hantsi yake zuwa da 'yar kujerarsa ta roba, da hular da rana ta cinye launinta, ya zauna a inuwar fiffike kamar don shi aka ƙera ta. Gaisuwarsa ba ta kai ƙarshe sai ta faɗa kan Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka haɗa a Mando, a nan Kaduna, aka fito da na farko a 1989, rundunar sojin sama ta karɓi guda 60. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma asalin jirgin ma RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, irin wanda mutane ke sayen kayansa su haɗa a garejin gida. Matsalar ita ce rawar da Baba ya taka, wadda kullum sai ta ƙara ƙiba. Da farko fenti ya shafa. Bayan sallar azahar shi ya ɗaure notin ƙarshe. Kafin la'asar Jamusawan da ke aikin ne ke zuwa neman shawararsa da littafi a hannu.

Yakan miƙe, ya zagaya jirgin a hankali, ya ƙwanƙwasa jikinsa da sanda, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Ɗana, a Mando ba haka muke yi ba." Yadda suke yi a Mando kuwa ya danganta da ranar. Ran Litinin a saman rufi ake sa ta, inda rana za ta gasa ta har ta riƙa shara ƙarya. Ran Laraba a bakin kafar da ke shigar wa matuƙi iska, a gefen jirgi, don wayar ta yi gajarta. Wannan ta kusa kama hankalin maƙwabcina, sai da ya tuna cewa hucin inji ta nan yake lasar jikin jirgi ya wuce. Daga ƙarshe ya huda ƙarƙashin fiffike, can nesa da guguwar farfela da hayaƙin salansa, inda babu rana, kusa da ɗan murfin da ake buɗewa a duba ciki. Baba ya leƙa, ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya dubi jama'a: "Kun gani? Da ya ji maganata tun farko." Ban taɓa jin haushinsa ba. Ranar da bai zo ba, aikin ma sanyi yake yi.

Akwai kuma wani mai tsayawa a gefe da kofin shayi, wanda aikinsa kaɗai riƙe tocila, ita ma yana haskawa inda ba a ce ba, amma duk wanda ya yi magana sai ya rubuta wani abu a 'yar takarda. Wannan kada a matsa masa, yana da iyali.

Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai kashe gwiwa. Shi ba ya ba da shawara, ko ta banza. Da yamma yake zuwa, fes da shi, makullin mota na lilo a yatsa, ya tsaya nesa kada maiƙo ya taɓa shi. Ba ya yi wa mai jirgin magana, matarsa yake samu a bakin ƙofa, ya sassauta murya: "Uwargida, kuɗin makarantar yara ne fa ake lanƙwasawa a nan." Ko ya juya ga yaran da suka baro ƙwallo suka zo kallo, ya ce musu baƙar fata ba ya ƙera jirgi, su daina ɓata lokaci. Yana faɗin haka a garin da aka haɗa jirage 60, kuma da ya hau mota zuwa Zariya da ya ga kwalejin da ke koyar da tuƙin jirgi da gyaransa tun 1964. Shi ne kuma mai yawan ambaton hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da murmushi, ba don ya damu da izinin tashi ba, wanda mai jirgin ya fi shi sanin dole sai an nema, sai don ya ga fuskar mutum ta canja. Bakanike da Baba surutu kawai suke ja mana. Wannan kuwa, bayan zuwansa na ƙarshe, yaron da ke miƙo sifana kullum bai sake leƙo gidan ba. Na sa an gaya wa mutumin cewa daga yanzu ƙofar a rufe take.