Firijin Amarya Da Firizar Uwargida

Mu dai a unguwarmu ba a sayen firiji a ɓoye. Da an ji ana haɗa kayan ɗakin yarinya, kowa sai ya kawo tasa shawarar. Gwaggo ta ce a ɗauko dogo mai ƙofa biyu, don idan dangin miji sun zo ganin jere su san 'yar gata aka kawo musu. Yaya ya ce shi Thermocool ya sani, da shi ya tashi. Samari kuma sai Hisense ko LG. Can sai uwargidan da ta daɗe a bakin murhu ta ce, "Ku dai tambayi mai shago, idan an ɗauke wuta awa nawa yake riƙe sanyi?"

Ni a wurina ita ta yi magana. Yawancinmu firiza ta kwance muke saye, kuma muna da dalili. Sanyi nauyi gare shi, ƙasa yake bi. Ka buɗe dogon firiji, za ka ji shi yana zubo maka a ƙafa. Firiza kuwa murfinta a sama yake, ko an buɗe sanyin yana kwance a ciki. Idan aka jera robobin ruwa a gindinta suka daskare, sai ta wuni ba wuta naman miya bai saki ba. Shi ya sa duk matar da ke ƙulla zoɓo, kunun aya ko lamurje ba ta kallon dogo, balle azumi ya faɗo cikin bazara.

Akwai abin da muke wucewa a kasuwar Sabon Gari, muna can muna kallon fenti. 'Yar takardar da ke manne a jikin firijin tana ɗauke da harafi. T na ƙasashen zafi ne, yana jure har digiri 43. ST ya tsaya a 38, N a 32. To a Kano, Afrilu yakan haura 40, ga zafin girki. Galibin na gwanjo da muke kira ɗan Beljiyam don sanyin Turai aka ƙera su, sai ka ji kwamfuresa tana ta gurnani ba hutu. Kuɗin wuta ma abin dubawa ne, tun da a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A.

Mai gyaran bakin layinmu kullum roƙonsa ɗaya: "Alhaji, don Allah a haɗa da sitabilaiza." Wutar da ke zuwa rabi-rabi ita ke ƙona injin. Idan an kawo firijin a kwance cikin a-kori-kura, a bar shi a tsaye wasu awanni man ya koma mazauninsa kafin a jona. A ɗan janye shi daga bango. Wuƙa kuma kada ta kusanci ƙanƙarar ciki, huda ɗaya gas ya tsere.

Girma kam a sayi mai ɗan sarari, don firizar gida ɗaya ta layi ce gaba ɗaya. Bayan la'asar za ka ji sallamar yaro da kwano: "Hajiya, wai in ji Mama a sa mata wannan zuwa magariba." Wata ta ɗaura wa ledarta jan ƙyalle, wata ta rubuta suna a murfi. Ranar layya kuwa, kafin a gama suya, cinyoyin gida huɗu ne a ciki.