Ranar da Jatan Lande Ya Hau Rawanin Surukina

Tun da aka rufe iyakar Benin da Nijar a 2023 kayan 'yan Nijar suka karkato tashar jirgin ruwa ta Lome, mu masu aikin fiton kaya muka daina sanin lokacin komawa gida. Sai ka iso unguwarmu ta Zango yara sun yi barci da cokali a hannu. Shi ya sa da na ga wani bidiyo a waya, wata mata 'yar Meksiko tana haɗa abin da suke kira kesadiya cikin minti 10, na ce wahala ta ƙare. Gurasa ce falle ɗaya, a zuba cuku da jatan lande a gefe guda, a ninke, a gasa a kasko, a juya, a sauke. Cukun ya narke ya riƙe komai. Da ta yanka ta ja, sai ga shi yana miƙewa.

Jiya na tashi aiki da wuri, na biya ta sabuwar tashar masunta ta Gbetsogbe, wadda Japan ta taimaka aka gina aka buɗe a 2019, na sayi jatan lande na jaka biyu wurin wata mata da ta yi mini ciniki da yaren Mina, ni ina amsawa da yatsu. Gurasar shawarma na samu a kantin Labanawa. Cukun Turawa kuwa na ɗaga, na karanta kuɗin, na mayar da shi inda yake cikin ladabi. Me zan yi da shi alhali ga wagashi a bakin titinmu, jajaye, Bafullatana na sayarwa a roba? Cuku dai cuku ne.

Wanda bai san Zangon Lome ba, ya sani cewa tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977 aka kwaso iyayenmu zuwa Agwe, can arewa, gidajenmu na haya ne masu tsakar gida ɗaya. Ba a girki a ɓoye. Ka kunna kurfoti, ka tara jama'a. Balle a ce namiji ne ya ɗaura zanin matarsa a ƙugu ya ce kowa ya zauna, yau shi zai ciyar da gida. Kuma jiyan ta zo daidai da kwanakin da surukina daga Maraɗi yake gidanmu, ya zo karɓar kayansa, yana zaune a tabarma gindin mangwaro, fari fat da babbar riga da rawani, yana jan carbi yana jiran Magariba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Idan zan gaishe shi, da takalmansa nake magana.

Na soya jatan landen da albasa da attaruhu, na yayyanka wagashi, na jera a kan gurasa, na ninke, na ɗora a kasko. Na duba agogo. Minti 10 suka wuce. Na ɗaga gefen gurasar na leƙa. Wagashi na nan yadda na yanka shi, kusurwa huɗu, ko gezau.

Nan ne maƙwabcinmu, wanda duk gidan ke kira Baba Direba, ya jawo kujerarsa. Tsohon direban tirela ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Abincin Meksiko ne, Baba."

"Na ci abinci a Atakpame, na ci a Sokode, na ci a Kara da Dapawon har Sinkase. Ban taɓa ganin abincin da ake rufewa kafin ya dahu ba. Ƙara wuta."

Na ƙara gawayi, na yi fifita. Ƙasan gurasar ya fara baƙi. Wagashi ya yi ɗan zufa, ya tsaya a nan.

"Sa kanwa," in ji Baba Direba. "Babu abin da kanwa ba ta karya masa wuya. Wake, ganda, naman tsohuwar saniya."

Uwargida, wadda ke zaune bakin ƙofa ta naɗe hannu, ta ce da murya mai sanyi: "Maigida, wagashi fa ba ya narkewa. Da tumfafiya ake kama nonon, a tafasa shi. Shi ya sa muke soya shi mu jefa a miya, ya yini yana tafasa ya fito yadda ya shiga." Wannan bayani yana cikinta tun lokacin da ta gan ni na shigo da robar. Ta adana shi sai da wuta ta kama. Cukun da matar bidiyon ta sa, irin na yankin Wahaka na ƙasarsu ne, wanda aka yi shi don ya narke ya yi danƙo. Namu an yi shi ne don ya jure tafiya daga ruga zuwa kasuwa cikin zafin rana. Kowanne ya riƙe amanar da aka ba shi.

"Narkewa ba dole ba ce," in ji Baba Direba. "Danne shi kawai. In kawo maka jak?"

Na ce a'a, na gode. Ya ce to a ɗora turmi. Yara suka tashi za su ɗauko, na daka musu tsawa.

Saura juyawa. A bidiyon, matar ba ta sa cokali ba, girgiza kaskon ta yi sau ɗaya, kesadiyar ta tashi ta juya ta dawo ta kwanta. Na riƙe mariƙin kaskon da tsumma. Baba Direba ya matso har ina jin ƙamshin goronsa.

"Saurara. Na haye dutsen Alejo da tan 40 na siminti a bayana. Abu ɗaya na koya: ba a taka birki a tsakiyar kwana. In za ka juya, juya da zuciya ɗaya."

Na juya da zuciya ɗaya.

Gurasar ta tashi, gaskiya ta tashi da kyau, har ƙaramin ɗana ya fara tafi. Amma da ta kai ƙololuwa, tun da babu abin da ya riƙe bakinta, sai ta buɗe. Ta buɗe a hankali, a sararin sama, a gaban matan gida huɗu da yaransu. Wagashi ya yi gabas, ya zubo a kwanon rufi yana ƙwal-ƙwal-ƙwal. Albasa ta sauka a kafaɗata. Gurasar ta faɗo cikin gawayi ta kama da wuta. Duk wannan da sauƙi.

Akwai wani jatan lande guda ɗaya, babban cikinsu, wanda mai sayarwar ta ƙara mini gyara. Shi bai bi 'yan uwansa ba. Na bi shi da ido. Ya wuce igiyar shanya. Ya wuce randa. Ya juya sau biyu a iska, manja na ɗiga daga jelarsa, ni kuma ina tsaye da kasko a hannu, cikin zanin matata, ina roƙon Allah ya sa reshen mangwaron nan ya tare shi. Ya bi ta tsakanin ganye biyu. Ya sauka a saman rawanin surukina Alhaji, ya shige cikin naɗi, ba ƙara ko kaɗan, jela ta tsaya a miƙe sai ka ce kunnen rawanin 'ya'yan sarki.

Alhaji bai ji ba. Carbinsa bai tsaya ba.

Ina maimaita wannan tafiyar a kaina tun daren jiya. Da ya faɗa a cinyarsa, da ya gani, da ya ce "subhanallahi", da an wuce wurin. Da ya faɗa a kofin shayinsa, da an sake masa wani. Amma rawani? Wa zai faɗa masa? 'Yarsa ta shige ɗaki, ina jin gadon yana girgiza. Jikokinsa sun kwanta a ƙasa suna cizon riga. Ni kuwa, mutumin da bai taɓa ɗaga ido sama da idon sawunsa ba, ta yaya zan je in ce, "Baba, na duba saman kanka"? Kuma in ce me na gani? Mutumin Maraɗi ne, ko kifi sai an cire masa ƙaya yake yarda da shi, jatan lande kuwa ya taɓa gani a kasuwar Asigame ya tambaya ko ƙwaro ne.

Na juya wurin Baba Direba, na yi raɗa: "Baba, kai sa'ansa ne. Don Allah."

Ya daɗe yana kallon rawanin, yana tauna goro. "Wannan fakin ɗin," ya ce, "ko ni ba zan iya shi ba."

Sai magen gidan ta fito daga ƙarƙashin benci, ta zauna a gaban tabarmar, ta ɗaga kai ta ƙura wa Alhaji ido. Alhaji ya dube ta ya yi murmushi, ya ce dabba ma ta san baƙo.

Ladan ya kira salla. Alhaji ya miƙe, ya gyara riga, ya sa takalmi, ya nufi ƙofa, jela na rawa a sama da kowane taku, mage na biye. A bakin zaure ya waiwayo ya ce, "Malam, ba za ka masallaci ba?" Na ce wa takalmansa ina tafe.

Baba Direba ya dafa kafaɗata, ya cire albasar da ke kai, ya duba ta, ya jefa a baki.

"Kwantar da hankalinka, ɗana. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku mai tsarki ne, ko da matacce. Sallarsa ta yi." Ya ɗan yi shiru. "Amma ka yi sauri ka shiga sahun farko. Jiya shi suka gabatar ya ja mu."