Hijirar da Ta Gagara

Bayan yaƙin Burmi a 1903, kakanninmu suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno suka nausa gabas. Wasu a ƙafa, wasu a kan jaki, har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Yau ga jikansu, mai haɗa kiɗan biki a garin Mai Wurno. An ce ya ƙaura daga Windows 7 zuwa Windows 11, ya ce shi ba ya son doguwar tafiya.

Kuma yana da hujja. Na'urar ɗaukar muryarsa ta saba da tsohuwar manhajar. FL Studio ɗinsa na buɗewa ba gardama. Kalangun da ya ɗauka bara na nan inda ya ajiye shi. To, me ya yi zafi?

Aka ce masa: "Malam, Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020." Ya ce alhamdu lillahi, an bar su su huta. Aka ce ko Windows 10 ce ya gwada. Ya ce ita ma ai an sallame ta a Oktoban 2025, amaryar da ta bi uwargida zawarci.

Intanet kuwa haramun ce ga wannan kwamfuta, kada saƙon sabuntawa ya shigo ana tsakiyar amshi. An lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Ko ƙaninsa sai da izini yake kallonta.

Jiya ango ya zo daga Wad Madani karɓar waƙarsa. Manhaja lafiya lau, ba ta taɓa sanƙarewa ba.

Wuta ce dai aka ɗauke.